Neman Izini a Ɗakin Haya

Wani ɗalibina ya ba ni labarin fim ɗin soyayya da ban dariya, inda abokan ɗaki ke leƙa asirin juna, 'yan kallo na ta ƙyaƙyatawa. Ni kam ban ga abin dariya ba. A gidajen hayar Ɗorayi, inda ma'aikatan Sharaɗa da Chalawa kan haɗa ɗaki, na sha sulhunta samari saboda wayar da aka bincika, har neman aure ya lalace. Raba kuɗin haya bai halatta maka akwatin ɗan'uwanka ba. Suratul Hujurati, aya ta 12, ta haramta bin diddigi. Abu Musal Ash'ari ya nemi izini sau uku a ƙofar Sayyidina Umar, da bai ji amsa ba sai ya juya.