Shekarun da Aka Kira Babanmu Mijin Tace

A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano, aka shiga buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci unguwa-unguwa, na maza daban, na mata daban. Da abin ya iso layinmu a cikin birni, ina 'yar firamare, Umma kuma tana goyon autanmu. An yi mata aure tana ƙarama, ta sauke izu biyu a makarantar allo, amma boko ko baƙi ɗaya ba ta sani ba. In an rubuta wa yaro magani a asibiti, sai ta aike ni maƙwabta a karanta mata yadda za a sha. Wannan aike ya daɗe yana ci mata rai.

Wani dare da Baba ya gama cin tuwo, ta durƙusa gefen tabarma ta ce, "Malam, wata alfarma nake nema." Ya saurare ta har ta kai aya. Bai ce to ba, bai ce a'a ba, sai ya tambaya, "Ƙarfe nawa ake shiga, kuma wa zai riƙe yara?" Ana shiga ne bayan la'asar, in 'yan firamare sun tashi an sami azuzuwa. Mai riƙon yara kuwa babu, don ita kaɗai ce matarsa, kakarmu kuma tana ƙauye.

Baba ɗan tebur ne a Kantin Kwari, yana sayar da yadi da atamfa. Duk wanda ya san Kwari ya san cinikin yamma ba abin wasa ba ne, lokacin ne baƙin da suka zo sari suke haɗa kaya su nufi tasha. Wannan lokacin ya sallama. Ranakun makaranta yana idar da sallar la'asar zai bar wa yaronsa tebur, ya hau kekensa Raleigh ya dawo gida. Umma ta yafa mayafi ta fita da littafinta a leda, shi kuma ya zauna a soro da jariri a kafaɗa yana jijjiga shi. Na sha ganinsa tsugune a madafa yana hura wuta, babbar riga a naɗe a kafaɗa, hayaƙi yana sa shi hawaye, don kada ta dawo ta tarar ruwan tuwo bai tafasa ba.

Asarar ciniki ba ta kai masa zafin bakin mutane ba. A majalisarsu ta ƙofar masallaci aka laƙaba masa mijin tace. In ya miƙe zai tafi, wani ya ce, "A gaida uwar ɗaki." Goggo, yayarsa, ta yi takanas ta zo gidan. Ta ce, "Kai yanzu ba ka ji kunya ba? Mace tana yawon boko, kai kana raino? Ko dai an shanye ka ne?" Ya bar ta ta gama, sannan ya ce, "Yaya, Nana Asma'u 'yar Shehu malama ce, mijinta Waziri Giɗaɗo malami ne, ba mu ji an ce ya ragu da komai ba. Manzon Allah ma yana taya iyalinsa aikin gida. Ni wane ne?" Goggo ta ce ai ita ba wa'azi ta zo ji ba, ta ɗauki takalmanta. Ta yi watanni ba ta taka gidanmu ba, kuma na san abin ya dame shi, don ita ta raine shi.

Maza da yawa a unguwar sun bar matansu sun je ajin nan. Inda Baba ya bambanta shi ne bai tsaya ga ba da izini ba. Shi almajiri ne, yana karanta Larabci, yana rubuta lissafin bashinsa da ajami, amma boko bai taɓa damunsa ba. Da ya ga Umma tana bita da daddare a gaban fitilar ƙwai, sai ya fara matsowa, wai yana duba ko ana koya mata daidai. Ba a jima ba ya ce ta ba shi fensir. Hannunsa ya saba farawa daga dama, sai ya ɗora fensirin a ƙarshen layi, ita kuma ta kama hannun ta mayar da shi hagu tana danne dariya. In ya manta lanƙwasar ƙ ko ɗ, ta ce, "Malam, ka bar ta ba hula." Ya ce, "To, Malama." Mu yara muna ƙarƙashin gidan sauro muna ƙyalƙyala dariya a ɓoye.

A ajin har ɗinki da saƙa ake koya musu, Umma kuma ta ƙware. Lokacin Baba yana zubin adashe don ya sayi Vespa, burin da ya daɗe da shi. Sai ga tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida a 1986, naira ta faɗi, kaya suka yi tashin gwauron zabo. Da kwasarsa ta zo, sai muka ga ɗan dako ya shigo da keken ɗinki Butterfly a ka. Umma ta ce, "Malam, babur ɗin fa?" Ya ce, "Kekena bai yi ƙorafi ba." A kan Raleigh ɗin nan ya tsufa. Ɗinkin Umma kuma shi ya riƙe mu a shekarun da kasuwa ta yi sanyi, har kuɗin jarrabawata daga aljihun keken ɗinkin nan ya fito.

Sai zamanin littattafan Hausa na kasuwar Kano ya zo. Umma ta kamu da son su, alhali malamai da yawa suna sukar su a kan suna ɓata tarbiyya. Baba ya ce ba zai yanke wa abin da bai ji ba hukunci. Shi da kansa yake biyawa ya sayo mata, a ɓoye cikin aljihun 'yar shara. Haka suka karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu da In da So da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ita tana karantawa, shi yana kishingiɗe yana katse ta da gardama. In marubuci ya zagi maza ya ce an yi son kai, ita ta ce gaskiya ce ɗaci gare ta. Wani lokaci muhawarar ta kai su har tsakar dare. A gidajen ƙawayena ban taɓa jin uba da uwa suna hira irin wannan ba, iyaka a kawo abinci, a karɓi kuɗin cefane.

Daga baya waɗanda suka yi masa dariya a majalisa suka riƙa turo matansu ɗinkin sallah gidanmu, wasu da wasiƙa a ƙulle a bakin zane don Umma ta karanta musu. Goggo ma ta sauko, har ta kawo 'yarta koyon ɗinki. Baba bai taɓa yi wa kowa gori ba.

Ranar da za a ɗaura wa ƙanena aure, ina jin Baba yana yi masa nasiha a soro. Ya ce ci da sha da sutura haƙƙi ne, wanda ya sauke su bashi ya biya, ba gwaninta ya yi ba. "Ka tambayi matarka abin da take so, in ta faɗa ka je ka zauna ka koya. Za a yi da kai a gari, amma masu yi da kai ba su za su zauna maka da ita ba."