Buea: Garin Sanyi A Gindin Dutsen Kamaru

Yawancinmu mazauna Briqueterie ta Yawunde, da New Bell ta Duwala, da 'yan'uwanmu na Garwa da Marwa, in muka yi tafiya to fatauci ne, ko biki, ko ta'aziyya. Amma yanzu an sami samarinmu da 'yan matanmu waɗanda aikinsu duka a cikin kwamfuta yake, duk inda suka sami intanet nan ne ofishinsu. Don irin waɗannan, da kuma duk mai son shan iska da ɗan guzuri kaɗan, muka kawo labarin garin Buea, hedkwatar lardin Kudu maso Yamma.

Daga Duwala tafiyar kamar kilomita 70 ce. Mota za ta haye gadar kogin Wouri, ta ratsa gonakin roba da ayaba na wajen Tiko, ta iso Mutengene inda hanya ta rabu biyu, ɗaya ta nufi Limbe bakin teku, ɗayar kuma ta kama hawa har tashar da ake kira Mile 17. Tun daga nan mutum zai ji gumin Duwala ya bushe, domin garin a jikin dutse yake, kusan mita 1,000 bisa teku. Babbar hanya guda ce ta miƙe daga ƙasa zuwa tsohon gari, kuma duk yadda ka ƙara hawa haka sanyi da hazo suke ƙaruwa.

Wannan sanyin ne ya jawo Jamusawa. A 1901 suka maido da hedkwatar mulkinsu daga Duwala zuwa nan, har yau kuma gidan da aka gina wa gwamnansu, Jesko von Puttkamer, yana nan tsaye. Daga 1961 zuwa 1972, zamanin tarayya, Buea ce babban birnin Kamaru ta Yamma. 'Yan asalin wurin su ne Bakweri. Harshen kasuwa da na mota kuwa Turancin buroka ne, saboda haka wanda Faransanci kawai ya iya sai ya buɗe kunne sosai.

Shi dutsen tsawonsa ya wuce mita 4,000, kuma ba a mace yake ba. Ya yi aman wuta a 1982, da 1999, da 2000. A 1999 narkakken dutse ya gangaro har ya datse hanyar mota kusa da Bakingili, yamma da Limbe. Tun 2009 gwamnati ta mai da shi gandun daji na ƙasa, don haka ba a hawa sai da izini da ɗan jagora. Yawancin baƙi kwana biyu ko uku suke yi, suna kwana a bukkokin da aka tanada a hanya. Da farko kurmi ne mai duhu, sa'an nan ciyawa, daga ƙarshe sai baƙin dutse tsirara da iska mai ratsa ƙashi. Mai ƙaramin guzuri ya nemi abokan tafiya a raba kuɗin jagora, ya kuma taho da rigar sanyi da takalmi mai ƙarfi daga gida. Wanda bai iya kaiwa ƙololuwa ba, hawa zuwa bukka ta farko da dawowa a yini ɗaya ya isa ya ba shi labarin da zai kai gida.

Abin mamaki, wannan hawan da baƙo yake kwana biyu yana fama da shi, akwai masu yin sa a guje cikin sa'o'i kaɗan. Tun 1973 ake tseren hawan dutsen, yawanci a watan Fabrairu, daga filin wasa na Molyko. Wata mata mai suna Sarah Etonge ta ci tseren mata sau bakwai, har ake kiranta Sarauniyar Dutse.

Batun masauki, unguwar Molyko ta fi sauƙi, domin nan jami'ar Buea take, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1993. Gidajen hayar ɗalibai sun cika unguwar, kuma wanda zai yi wata guda ya fi masa arha ya kama ɗaki da ya zauna otal. Kafin ka biya ka tambayi abu biyu: ruwa da wuta. Duk da yawan ruwan sama, famfo yakan ƙafe a wasu unguwanni, wuta ma takan ɗauke. Abinci kuwa akwai eru da fufu, da dafaffen gwaza irin na Bakweri. Sai dai ka tambayi naman da aka sa. Masu suya, waɗanda da yawansu mutanen arewa ne, su za su nuna maka mahauci da masallaci.

Matasan da suka fito daga jami'ar sun kafa ƙananan kamfanonin kwamfuta, har aka laƙaba wa garin Silicon Mountain. To, a nan ne ya kamata mai aiki ta intanet ya yi tunani. Rikicin yankunan masu magana da Ingilishi ya fara a ƙarshen 2016. Daga Janairu zuwa Afrilu na 2017 aka yanke intanet a yankin har wata uku, dole waɗannan matasa suka riƙa gangarawa wajen Duwala don su aika aikinsu. A 2023 kuma bama-bamai suka tashi a kan hanyar tseren, mutane suka ji rauni. Tun 2017 'yan aware suka sa dokar zaman gida ranar Litinin, kuma rikicin bai ƙare ba. Saboda haka kada ka shirya shiga ko fita ranar Litinin, kada ka yi tafiyar dare, katin shaidarka ya kasance a aljihu don shingayen jandarma, ka riƙe layin waya biyu na kamfanoni dabam-dabam, sa'an nan kafin ka taso ka buga wa wani mazaunin garin ka ji yadda ake ciki. Matambayi ba ya ɓata.

Lokacin zuwa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Daga Yuni zuwa Satumba ruwa ba ya ɗagawa, sai ka yi mako ba ka ga kan dutsen ba. In hutu ya samu, ka gangara Limbe ka ga baƙin yashin bakin teku da lambun itatuwan da Jamusawa suka kafa a 1892, ka ci gasasshen kifi, ka koma kafin magariba.

Buea gari ne mai daɗin zama ga wanda ya shigo da hankalinsa, ya gaida mutane, ya kama bakinsa daga maganar siyasa. Allah ya kawo zaman lafiya a yankin, ya kuma kai matafiya gida lafiya.