Lucy Slowe: shugabar ɗalibai mata da ta ƙi zama mai gadi

Rubutunmu na wannan mako a kan Lucy Diggs Slowe ne, baƙar fata 'yar Amurka da ta shugabanci harkokin ɗalibai mata a Jami'ar Howard da ke Washington daga 1922 har rasuwarta a 1937.

Marainiya ce, gwaggonta ce ta riƙe ta. Ta gama Howard a 1908, ta yi digiri na biyu a Columbia a 1915. A 1917 ta ci gasar tanis ta ƙasa ta baƙaƙen fata, wadda aka yi karon farko a shekarar. A 1919 ta buɗe makarantar Shaw, ƙaramar sakandare ta farko ta 'ya'yan baƙaƙe a Washington.

Mu da muka yi zaman ɗakunan kwanan jami'a mun san yadda ake kallon mai irin wannan muƙami. Aikinta a idon hukuma shi ne ta kulle ƙofa da dare, ta ƙirga wadda ba ta dawo ba. Slowe ta ce aikinta ilimi ne. Ta nace 'yan mata su karanci siyasa da tattalin arziki, su koyi tafiyar da al'amuransu da kansu. Ta matsa har aka gina musu sababbin ɗakunan kwana a 1931.

Wannan tsayuwa ta jawo mata saɓani da shugaban jami'ar, Mordecai Johnson. Hukuma ta umarce ta da ta bar gidanta na unguwar Brookland ta tare cikin makaranta kusa da ɗalibai. Ta ƙi, don ta gane cewa so ake a mayar da ita mai gadi. A gidanta ta zauna har ƙarshen rayuwarta.

Abin ya taɓa mu ne saboda yanzu 'ya'yanmu da ƙannenmu muke turawa jami'a. Muna son a tsare mana su, kuma ba laifi ba ne. Amma yarinyar da ba a taɓa bari ta yanke wa kanta shawara ba, ranar da ta fita daga hannun makaranta wa zai yanke mata? Idan muka kai su, mu tambayi wadda ke kula da su abin da take koya musu, mu kuma mara mata baya ranar da ta kai ƙorafinsu gaban hukuma.

Allah ya shirya mana zuri'a.