Ranar Da Rumfar Mota Ta Ƙi Naɗuwa

Rumfa ba baƙuwa ba ce a Bilbis. Duk mai sana'a a bakin hanya yana da tasa, ta kara ko ta zana ko ta tsohon kwano, kuma in iska ta kayar da ita da hantsi, kafin la'asar ya sake kafa ta da igiya da itatuwa huɗu. Amma akwai wata irin rumfa da na tabbata yawancinku ba ku taɓa gani ba. A gefen mota take manne, a danna maɓalli ta buɗe, a sake dannawa ta naɗe kanta kamar tabarma. A Turai da Amurka mutane kan sayi irin motocin nan masu gado da wurin girki don yawon hutu. Mu kuwa a nan babu mai kashe kuɗinsa don ya kwana a daji da gangan, sai dai masu aikin lafiya su mayar da motar asibitin tafi-da-gidanka.

Irin wannan mota ce ta zo garinmu daga Gusau wata Asabar a farkon daminar 2023, don yi wa yara rigakafi. Mata suka yini a inuwar rumfarta. Wajen ƙarfe uku aiki ya ƙare, hadari ya haɗo daga gabas, direba ya danna maɓalli, rumfa ta ce ba ta san zancen ba.

Kada ku ɗauka abin dariya ne, ko da yake yara sun yi dariyar. Mota ba ta tafiya da rumfa a buɗe, iska za ta yage tamfol ɗin ta karya hannuwan ƙarfen. Kuma kowa ya san a shekarar nan ba mai son magariba ta same shi tsakanin Tsafe da Gusau. Abu na uku, batir ɗaya ne ke ba rumfar wuta da ɗan firijin allurai, alhali maganin rigakafi sai an ajiye shi tsakanin digiri 2 da 8 na ma'aunin zafi. Duk dannawar da direban yake yi, abincin firijin yake ci.

Aka aike ni in kira Kawu, wanda ya yi shekaru yana gyaran wayar mota a Tsafe. Da zuwansa ya ce, "Malam direba, ɗauke hannunka daga maɓallin nan tukuna." Kayan aikinsa kwan fitila ne guda ɗaya mai wayoyi biyu. Ya taɓa batir, kwan ya kama. Ya zaro fis mai amfiya 15 ya ɗaga shi sama, bai ƙone ba. Ya hau benci ya taɓa wayoyin da suka shiga ƙaramin injin da ke bakin bututun rumfar, ya sa aka danna maɓalli sau ɗaya, kwan ya sake kamawa. Ashe wuta tana isa, injin ne ya ƙi karɓa. Ya ja waya kai tsaye daga batir, ya juya kawunanta, domin irin wannan inji mai bolt 12 in ka musanya wayoyinsa sai ya juya da baya. Ba mu ji komai ba sai "ƙas".

A nan masu shawara suka yi yawa. Wani ya ce a yanke tamfol ɗin da wuƙa, wani ya ce a kwance hannuwan a jefa cikin mota. Kawu ya hana. Ya ce a cikin hannuwan akwai abin da ke tura su waje da ƙarfi, in aka kwance noti ba a riƙe ba, sai su ɓalle su fasa wa mutum baki. Ya yi ta shafa kan injin da yatsa har ya sami wata 'yar roba kamar marfin kwalba. Ya ɓamɓare ta, sai ga noti a ciki. Masu ƙera rumfar sun bar shi ne musamman don ranar da injin ya mutu.

Direban ya ce shekara biyu yana tuƙa motar, ba wanda ya taɓa nuna masa. Wannan ya fi mutuwar injin ba ni haushi. An koya wa mutum danna maɓalli, an bar shi bai san abin da zai yi da hannunsa ba, littafin motar kuma yana can a wani ofis cikin durowa.

Kawu ya miƙo mini sufana ya ce, "Hau, ɗana, kai ne mai sauran ƙarfi." Samari biyu suka tallafi hannuwan, ni kuma na yi ta juyawa. Sai ka juya sau da yawa kafin tamfol ya matsa taki ɗaya, saboda haƙoran da ke ciki an yi su ne don ƙarfi, ba don sauri ba. Iska ta fara kwasar ƙura, malamar asibiti tana ta duba agogo tana cewa, "Sannu, yaro, saura kaɗan." Kafaɗata ta yi tsami kafin rumfar ta kwanta a jikin mota. Kawu ya yanka tsohon tiyub ya ɗaure hannuwan biyu tamau, kada su buɗe a hanya. Suka tashi ana yayyafi, ƙarfe huɗu da 'yan mintoci.

Bayan mako biyu direban ya tsaya a shagon Kawu a Tsafe. Ya ce an buɗe injin a Gusau, aka tarar ƙurar hunturu ta haɗu da giris ta daskare a haƙoran, 'yan gawayin nan biyu da makanikai ke kira burushi kuma sun cinye. An wanke, an sa sababbi. Sufanar da ta dace da notin kuwa ya sayi tasa, tana cikin aljihun ƙofar direba.