Daga Gidan Rumji zuwa Gazawa a kan keke

Ƴan uwa mata, kun ji labarin Mamadou Safayou Barry? Matashi ne ɗan ƙasar Gine. A watan Mayu na 2023 ya hau kekensa, ya nufi jami'ar Al-Azhar ta Masar neman ilimi, don ba ya da kuɗin jirgi. Ya ratsa Mali, Burkina Faso, Togo, Benin da Nijar, har ya kai Cadi: kimanin kilomita 4,000 cikin wata huɗu. Sau uku ana tsare shi a hanya, biyu a Burkina, ɗaya a Togo. A Cadi ne jama'a suka haɗa masa kuɗin jirgi, ya sauka Alƙahira cikin Satumba, jami'ar ta ɗauke shi karatu kyauta.

Mai son ratsa Nijar ta gudron zuwa wajen Cadi, babbar hanyarsa ita ce RN1, wadda ta bi ta ƙofar gidajenmu. To, mu duba ta da idon mai keke.

Daga Gidan Rumji zai gangaro Tsibirin Gobir, ya wuce Maraɗi, ya bi ta Cadawa da Agiye, kafin Gazawa. Tafiyar ta kai wajen kilomita 150. Mai mota ya shanye ta kafin azahar. Mai keke kuwa sai ya san kowace inuwa. Gawon da manoma suka bari ya tsiro a gonaki, irin na Ɗan Saga, shi ne rumfarsa. A Cadawa ga aya, a Gulbin Kaba ga goruba. Ruwa, fura da ƙosai kuwa, daga hannun mata za su fito.

Amma hanyar tana kusa da iyakar Najeriya. Tun 2019 Gidan Rumji ke karɓar ƴan gudun hijira da ƴan bindiga suka koro daga Sakkwato da Zamfara. Shi ya sa yau baƙon fuska ke sa gaba ya faɗi, kuma ba laifin kowa ba ne.

Duk da haka, in irin wannan matafiyi ya jingine kekensa a bakin rijiyarku, ku ba shi ruwa tukuna, sannan a sa yaro ya kai shi wurin mai gari. Nan za a san ko shi wane ne, ya kwana lafiya, mu ma mu kwana da kwanciyar hankali.