Lambar da Ta Ba Ni Kunya a Gaban Aji

A lokacin da aka tura ni gwajin koyarwa a wata ƙaramar sakandare ta ƙauye, darasin da na fi ɗoki shi ne na lambobin da ba su rabuwa sai da kansu ko da ɗaya, irin su 2 da 3 da 7 da 13. Malaminmu na lissafi yakan kira su gagara-raba, ni ma haka na koyar da su.

Wata rana, domin in burge ɗalibai, na rubuta 2 da 4 da 16 da 256 da 65,536 a allo, wato kowace lamba ta samu ne daga ninka ta bayanta sau kanta. Na ƙara wa kowacce ɗaya, suka zama 3 da 5 da 17 da 257 da 65,537, waɗanda dukkansu gagara-raba ne. Daga nan na rubuta ta shida, 4,294,967,297, na bugi ƙirji na ce ita ma haka take, kuma wani masani Bafaranshe, Fermat, ya faɗi haka tun 1640. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ka gwada raba ta?" Na ce mata ba a jayayya da manya. Aji ya yi dariya, ta sunkuyar da kai.

Maganar ta hana ni barci. Da dare na kunna fitila na shiga rabawa da 3 da 7 da 11 da 13, kowane lokaci sai saura ya rage. Ina kaiwa 97 na ajiye biro, ina ganin na yi gaskiya. Ban sani ba cewa kafin mutum ya tabbatar da magana irin tawa ta wannan hanya, sai ya gwada duk gagara-raba da ke ƙasa da 65,536, su kuwa 6,542 ne. Abin da na gwada bai wuce 25 ba.

Ranar Asabar na koma ga littafin da na tsinci zancen, sai na tarar ashe rabin shafi na karanta. A ƙasa an bayyana cewa Fermat zato ya yi, bai kafa hujja ba, kuma a 1732 Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan, yana da shekara 25, ya nuna cewa 4,294,967,297 daidai take da 641 sau 6,700,417. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne dabarar da ya bayyana daga baya: duk gagara-raba da za ta raba wannan lamba, dole ne in an raba ita kanta da 64 ragowar ta zama ɗaya. Da wannan sharaɗi dubbai suka zube, aka bar 193 da 257 da 449 da 577, sai 641 ta biyar. Aikin da na kwana ina yi da ƙarfi, shi ya taƙaita shi da tunani. Har yau kuwa ba a sake samun gagara-raba ko ɗaya a wannan jeri ba bayan biyar na farko.

Hausawa kan ce sai an gwada akan san na ƙwarai, amma faɗin karin magana ya fi tsayawa gaban yara arba'in sauƙi. Na yi ta shawara da zuciyata ko in yi shiru, tunda ba wanda zai gane, ba kuma zai fito a jarrabawa ba.

Ranar Litinin na rubuta 641 da 6,700,417 a allo, na kira yarinyar na miƙa mata alli na ce ta ninka. Ta ɗauki lokaci, ta goge layi ɗaya ta sake. Da amsar ta fito, ta dubi lambar, ta dube ni, ta ce, "Malam, ai waccan ce ta ranar Alhamis."

Na ce mata ita ce.