Gardamar Hyouka a Majalisar Shayi

A wannan wata zan ɗan taɓo wata gardama ce da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin samarinmu, a kan wani fim ɗin zane na ƙasar Japan, irin wanda suke kira anime. Na san wani dattijo zai ce, "Duk matsalolin zango a rasa abin rubutu sai katun ɗin yara?" To, Baba, a yi mini haƙuri a bi ni a sannu, domin abin da 'ya'yanmu ke raba dare suna kallo a waya ya cancanci mu san me ke cikinsa.

Sunan fim ɗin Hyouka. Kamfanin Kyoto Animation ne ya fitar da shi a shekarar 2012, kashi 22, kuma Yasuhiro Takemoto ne ya ba da umarni. An ɗauko labarin daga littattafan wani marubuci mai suna Honobu Yonezawa, wanda na farkonsu ya fito a 2001. 'Yan aji ɗaya ne su huɗu a babbar sakandare, mai shekara 3 kamar tamu ta nan Gana: Oreki, malalacin yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa wanda ba ya son wahalar da kansa ko kaɗan, Citanda, ɗiyar wani babban gidan manoma, wadda idan abu ya ɗaure mata kai ba ta barin kowa ya huta, sai Satoshi da Mayaka. Ƙungiyar adabi ta makaranta ce ta haɗa su, kuma aikinsu bai wuce warware ƙananan abubuwan da ke ɗaure kai ba, kamar yadda aka yi ƙofa ta kulle da mutum a ciki, ko dalilin da ya sa ake aron littafi ɗaya kowace Juma'a a dawo da shi a ranar.

A nan ne aka rabu. Ɓangaren farko, waɗanda suka tashi da Naruto da One Piece, cewa suke yi wannan maganin barci ne. Babu faɗa, babu gudu, ba a ga an kashe kowa ba, soyayyar ma ba a furta ta ba. Wani ƙanina ya ce ko fim ɗin Indiya da iyayenmu mata ke so ya fi wannan, don can aƙalla za a yi waƙa a yi kuka a ɗaura aure. Ɓangare na biyu kuwa, waɗanda yawancinsu 'yan jami'a ne, sun ɗauki abin da zafi har suna cewa duk wanda bai gane Hyouka ba hankalinsa bai nuna ba. Wannan magana ban ji daɗinta ba, domin raini ne, kuma ba a jawo mutum ga abin kirki da raini.

Ni dai na zauna na kalle shi duka. Masu kushe suna da gaskiya a wuri biyu. Akwai inda labarin ke ja da yawa, musamman daga kashi na 8 zuwa na 11, inda aka yi ta sauraron mutane uku ɗaya bayan ɗaya suna kawo hasashen da kowa ya san za a rushe. Sannan wasu daga cikin amsoshin Oreki canki-canka ne, marubuci ne kawai ya ga dama ya sa suka dace. Amma cewa babu abin da ke faruwa, wannan ban yarda ba.

Dubi labarin farko. Citanda tana da kawu mai suna Sekitani, wanda ya ɓace a Indiya shekara 7, har dangi na shirin yi masa makoki. Ta tuna cewa tana ƙarama ta yi masa wata tambaya, ya ba ta amsar da ta sa ta kuka, amma ta manta amsar. Da yaran suka bi tsofaffin mujallun ƙungiya, sai suka gano cewa a 1967 ɗalibai sun yi bore don hukumar makaranta ta so ta rage kwanakin bikinsu na shekara, wuta ta kama wani gini, aka nemi wanda za a ɗora wa laifi. Sekitani ne aka kora, alhali kuwa sunansa kawai aka sa a gaba, masu kitsa abin suna baya sun yi lamo. Ɗalibai suka mai da shi gwarzo, ana ta yabon sadaukarwarsa, babu wanda ya tambaye shi ko da son ransa ne. Abin da ya iya yi kawai shi ne raɗa wa mujallar ƙungiya suna Hyouka, wato ƙanƙarar zaƙi, wadda sunanta na Turanci idan ka furta shi yana fita kamar mutum ya ce yana ihu. Shekara 45 ihun na kwance a bangon mujalla ba wanda ya ji shi.

Jama'a, wa a cikinmu bai san irin Sekitani ba? A ƙungiyoyin samari, a kwamitin masallaci, a rikicin siyasar unguwa, sau nawa ake tura yaro mai kunya gaba, manya su ja da baya, idan ta ɓaci shi ya kwana a hannun 'yan sanda? Daga baya a ce ai wane jarumi ne. Wannan shi ne abin da masu cewa babu abin da ke faruwa suka tsallake.

Kashin da ya fi taɓa ni shi ne na 18, kuma shi ne wanda masu kushe suka fi yi wa dariya. Oreki ya tuna wani malaminsu na da wanda ya taɓa katse darasi ya ruga taga don jin ƙarar jirgi mai saukar ungulu, ya ce yana son irin jirgin ne kawai. Malalacin nan da ƙafarsa ya tafi ɗakin karatu ya tono tsofaffin jaridu. Ashe malamin mahayin duwatsu ne, kuma a lokacin wasu mahaya sun ɓace a kan dutse, mugun yanayi ya hana jirgin ceto tashi. Abin da ya leƙa ya gani shi ne ko jirgin ya samu tashi. Oreki bai samu ko kwabo da wannan bincike ba. Damuwarsa ita ce kada ya ci gaba da ba da labarin mutum a matsayin abin dariya alhali bai san abin da ke cin zuciyarsa ba. Mu da muke cewa labarin zuciya a tambayi fuska, ai ya kamata mu riga kowa gane wannan.

Inda na saɓa da masu yabo kuwa shi ne batun shiru. Sun ce daɗin fim ɗin duka yana cikin abin da ba a faɗa ba, suna kamanta shi da kunya da kara irin tamu. Akwai kama, babu shakka. Sai dai fim ɗin da kansa bai ɗauki shiru a matsayin alheri kullum ba. Shirun Sekitani ya cinye masa karatu. Satoshi, mai fara'a a fuska, hassadar basirar abokinsa na cinsa a ɓoye, kuma a kashi na 21, maimakon ya buɗe baki ya gaya wa Mayaka cewa bai shirya ba ta amsa ba, sai ya karya cakulan ɗin da ta haɗa masa da hannunta ya ɓoye, ya bari a ce sace shi aka yi. Wannan ragwanci ne, ko da wane suna aka kira shi. Mu ma muna da irinsa a gidajenmu, inda yarinya za ta shekara uku tana jiran saurayin da ya kasa cewa e ko a'a, wai shi mai kunya.

Ga iyaye masu tambaya, akwai kashin da yaran suka je wurin wankan ruwan ɗumi, akwai kuma bukukuwa a wuraren bautarsu na gargajiya, don haka a san shekarun wanda za a bai wa.

A kashi na ƙarshe Citanda ta nuna wa Oreki ƙauyensu, gonaki da tsofaffi, ta gaya masa cewa ko ta yi jami'a nan za ta dawo, don ita ce magajiyar gida. Ba ta yi alfahari da wurin ba, ba ta kuma raina shi ba. Oreki ya tsara a zuciyarsa yadda zai ce shi zai riƙe mata ɓangaren kasuwancin, wanda kowa ya san abin da hakan ke nufi, amma da ya buɗe baki sai zancen sanyi ya fito. Masu kushe sun ce ɓata lokaci ne. Masu yabo sun ce gwaninta ce. Ni kuwa hankalina ya fi tafiya ga yarinyar, domin a Nima da Aboabo da Sabon Zango muna da ɗiyan fari da yawa da aka rataya wa shagon uba ko gidan gado tun ba su san me suke so ba, takwarorinsu kuma na ta neman biza.

Takemoto yana cikin mutum 36 da suka rasu lokacin da wani ya cinna wa ginin kamfanin wuta a birnin Kiyoto ranar 18 ga Yuli, 2019. Fim ɗin ya tsaya ne a kan akasarin littattafai 4 na farko, amma marubucin ya ci gaba. A littafi na 6, wanda ya fito a 2016, an gaya wa Citanda cewa ba dole ba ne ta gaji gidan, ta zaɓi abin da take so. Maimakon murna sai abin ya ruɗa ta, don ba ta taɓa tsara wata rayuwa ba sai waccan. 'Yan majalisa da suka ji wannan sai sabuwar gardama ta tashi, wasu na cewa an 'yanta ta, wasu na cewa an yi latti.